Yoyon Gas: A Neme Shi Da Kumfar Sabulu, Kada A Neme Shi Da Ashana

A wannan makon za mu leƙa ɗakin girki, mu tsaya a kan tukunyar nan da ke tsaye a lungu, wadda ake murɗawa safe da yamma amma ba a cika dubanta ba sai ranar da ta ƙare ana tsakiyar tuƙa tuwo.

Shekaru kaɗan da suka wuce, in aka ce girki da gas a gari irin Dambam, sai a ɗauka na gidan manyan ma'aikata ne. Yau labari ya canza. Kananzir ya fi ƙarfin talaka, itace da gawayi kullum sai ƙara kuɗi suke yi, ga hayaƙin da ke cin idon uwargida da ƙirjin yara. Yanzu da wuya a jera wa amarya kayan kicin ba a sa mata tukunyar gas ba. Mai shayi na da ita, ɗalibi na da ita, direban babbar mota na da ita. Gwamnatin Tarayya ta ware shekarar 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na bunƙasa amfani da iskar gas, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, har janareto wasu suka mayar mai amfani da gas.

Wannan ci gaba ne, domin gas ya fi itace tsafta, ya kuma fi shi sauƙi ga huhu. Sai dai tukunyar ta riga iliminta shiga gidaje. Da yawanmu mun iya kunnawa da kashewa, amma ba mu san yadda ake gane tana yoyo ba, balle abin da ya kamata a yi a mintin farko. Abin da za mu tattauna ke nan, kuma kayan aikin da ake buƙata suna nan a gidanku: hanci, sabulu, ruwa da soso.

Halaye uku na iskar gas

Gas ɗin da muke girki da shi haɗin iska biyu ne da ake samu daga aikin mai, wato furofen da biyuten. Yana da halaye uku da duk wanda ya san su zai gane dalilin kowace ƙa'ida da za ta biyo baya.

Na farko, ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, kamar sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu. Hayaƙin itace sama yake yi ya fita ta taga, shi kuwa gas ƙasa yake bi kamar ruwa. Yana kwanciya a daɓe, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya taru a ƙasan kabad, a kwata, a duk wani rami. Ku tuna abubuwan da muke ajiyewa a ƙasa: kaskon turaren wuta, maganin sauro mai hayaƙi, murhun gawayi, da kuma yaran da ke barci a tabarma.

Na biyu, a cikin tukunya ruwa ne, matsa shi aka yi. Shi ya sa in kun jijjiga ta kuke jin motsi. Da zarar ya samu hanya sai ya koma iska ya kumbura kusan sau 250. Kuma ba ya buƙatar cika ɗaki kafin ya kama. In ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Mu ɗan yi lissafi. Lita ɗaya ta ruwan gas, wato kusan rabin kilo, za ta ba da lita 250 ta iska, wadda ta isa ta mayar da ƙaramin kicin mai faɗin mita 2, tsawon mita 2 da rabi, tsayin mita 2 da rabi, ya zama abin da ke jiran ashana. Cikin ƙaramar mota kuwa, abin da bai kai rubu'in kilo ba ya wadatar.

Na uku, asalinsa ba shi da launi, ba shi da wari. Warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da kuke ji, da gangan ake zuba wani sinadari mai suna makaftan don ya zama gargaɗi. Sai da aka yi asarar rayuka kafin a koyi wannan darasi. A ranar 18 ga Maris, 1937, a garin New London da ke jihar Texas ta Amurka, gas marar wari da ake ɗumama azuzuwa da shi ya yi ta zurara a ƙarƙashin wata makaranta ba wanda ya sani, har tartsatsin wata na'ura ya tayar da shi. Kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Bayan nan ne jihar ta kafa dokar sa wa gas wari, sauran duniya ta bi sahu. Ana auna sinadarin ne yadda hanci zai ji shi tun gas bai kusa kai adadin da wuta ke kamawa ba. Don haka wanda ya ji wari yana da sauran lokaci, in bai yi wasa da shi ba.

Amma kada a dogara da hanci kaɗai. Mai mura a lokacin hunturu ba ya ji sosai, haka tsofaffi da yawa. Wanda ya daɗe a cikin wari hancinsa kan saba ya daina ji, mai barci kuwa ba lallai warin ya tashe shi ba. Ga kuma turaren wuta da humra da ƙamshin soye-soye, duk suna danne shi.

Daga wurin ɗuri zuwa gida

Maigida, wannan sashe naka ne, domin galibi kai kake kai tukunya ɗuri, ko ka aiki yaro. Ko a nan Dambam aka ɗura, ko ka biyo da ita daga Azare ko Potiskum a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, tafiyar nan ita ce lokacin da tukunya ta fi shan wahala: a jefa ta a but, ta yi ta gangara tana bugun ƙarfe, rana na dukanta.

A Amurka da Turai akwai masu yawon buɗe ido da wata irin mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da firji, duk da gas suke aiki. Da yake mutum yana kwana ne da tukunyarsa a cikin akwatin ƙarfe, kuma girgizar hanya tana kwance mahaɗai, sun fi kowa tsanantawa a kan yoyo. Tukunyar tana da nata ɗan ɗaki da aka raba da inda mutane suke, mai kafa a ƙasa don duk abin da ya zurara ya fice waje. Na'urar da ke ƙara in ta ji gas kusa da daɓe suke kafa ta, ba a rufi ba. Suna kashe duk wata wuta kafin su shiga gidan mai, kuma suna bin mahaɗan bututu da ruwan sabulu kafin doguwar tafiya. Ba mu da irin waɗannan motoci a hanyoyinmu, amma muna da abin da ya yi kama da su: direban tirela da yaran mota masu dafa shayi da taliya da 'yar tukunya mai kilo 3 ko 6 suna kuma kwana kusa da ita, da mai gidan da ya ɗauko mai kilo 12 da rabi tare da iyali a mota. Darasin ɗaya ne.

Ka ɗauki tukunya a tsaye, ka ɗaure ta ko ka tokare ta yadda ba za ta faɗi ba. Dalili shi ne, in tana tsaye bakinta yana wajen iskar da ke sama. In ta kwanta, ruwan ne ke kaiwa bakin, kuma yoyon ruwa ya ninka na iska nesa ba kusa ba. Wannan ya shafi mai ɗaurawa a bayan babur da mai sawa a a-daidaita-sahu. In ƙaramar tukunya ce mai kan girki a sama, a kwance kan kafin a kama hanya. Ka sauke gilasan mota, kada kowa ya sha taba, kuma daga wurin ɗuri ka wuce gida kai tsaye. Kada ka rufe ta a mota ka shiga kasuwa ko masallaci, musamman a bazara, lokacin da zafin wannan yanki kan haura digiri 40 a inuwa, cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi haka sosai. Direbobi kuma, don Allah kada tukunya ta kwana a kan mota inda ake barci, kuma kada a kunna ta kusa da tankin mai.

Zafin nan shi ne dalilin da ya sa ba a cika tukunya fal. Ruwan gas yana kumbura in ya ji zafi, don haka ake barin kusan kashi ɗaya cikin biyar na cikinta babu komai. Wanda ya roƙi mai ɗuri ya ƙara masa gyara fiye da ƙa'idar tukunya, bala'i ya roƙa. A jikin kowace tukunya an buga nauyinta in babu komai a ciki. Ka sa a ɗora ta a sikeli a gabanka: nauyin ƙarfen da na gas ɗin da aka rubuta tana ɗauka, su ne iyakar abin da ya kamata sikeli ya nuna. Kafin ka bar wurin, ka sa a shafa wa bakinta ruwan sabulu. In ta nuna yoyo a can, matsalar mai ɗuri ce. In ta nuna a gida, ta zama taka da iyalinka.

Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke ba masu sayar da gas lasisi. Gwargwadon hali a nemi inda ke da izini da fili mai iska. Shagon da ake juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama a tsakiyar gidaje, ga mai suya a gefe ga mai walda a gaba, ba wurin tsayawa ba ne, balle a tura ƙaramin yaro ya jira.

Ta ina yoyo ke fitowa?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙarfen tukunya mai kyau ba ya saurin tsagewa. Yawancin yoyo daga roba yake da kuma mahaɗai. Wuraren da za ku sa wa ido biyar ne.

Akwai ɗan zoben roba a cikin bakin tukunya, inda kan gas ke zama. Shi ne ya fi kowa laifi. Yana bushewa, yana tsagewa, wani lokaci ya faɗi a wurin ɗuri ba a lura ba. In kun ɗora kai kuka ji yana rawa ko yana huci, shi za ku fara zargi.

Sai kan gas ɗin kansa, wato abin da ke rage ƙarfin iskar kafin ta isa murhu. A cikinsa akwai faifan roba da ke tsufa. Na araha ya fi saurin mutuwa, kuma araha dai ba ta ado.

Na uku tiyo. Zafi da man girki suna busar da shi, ɓera yana gwaguyarsa saboda maiƙon da ke jikinsa, tukunyar miya mai zafi tana iya taɓa shi, ga lanƙwasar da yake yi a bayan kabad inda ido ba ya kaiwa.

Na huɗu bakunan tiyo biyu, inda ya shiga kan gas da inda ya shiga murhu. Gidaje da yawa tura shi kawai aka yi, ko aka ɗaure da waya ko tsumman roba, maimakon maɗaurin ƙarfe mai noti da aka yi domin haka.

Na biyar murhu da jikin tukunya: maɓallin da ya saki ba ya rufewa duka, wuyan tukunya inda bawul ya shiga, layin walda da ke tsakiyarta, da kuma gindinta da ke tsatsa saboda zama a jiƙaƙƙen daɓe.

Akwai kuma yoyon da ba na lalacewar kaya ba: ruwan shinkafa ya tafaso ya kashe wuta, ko iska ta hure ta, gas na ta fita uwargida tana ɗaki. Ko kuma yaro mai rarrafe ya murɗa maɓalli ya tafi abinsa.

Yadda ake gwajin kumfa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya ga wannan aiki. Yakan hura tayar ya tsoma ta a ruwa, ko ya shafa mata ruwan sabulu, inda kumfa ta taso nan hujin yake. Haka ake yi wa gas, sai dai shi ba a tsoma shi, shafawa ake yi.

Uwargida, ki zaɓi rana tsaka lokacin da akwai haske, ki buɗe ƙofa da taga. Ki tabbatar babu wuta ko garwashi a kusa, ki fitar da yara. Ki kaɗa sabulun wanke-wanke ko garin sabulu a rabin kofi na ruwa har ya yi kauri. Ki rufe duk maɓallan murhu, sannan ki buɗe gas daga kan tukunya, don iskar ta cika tiyo ta tsaya.

Sai ki ɗauki soso ko tsohon buroshin haƙori ki bi a hankali daga sama zuwa ƙasa: wuyan tukunya, inda kai ya zauna, jikin kan, bakin tiyo na farko, tsawon tiyon gaba ɗaya kina ɗan lanƙwasa shi don tsagar da ta ɓuya ta buɗe, bakin tiyo na biyu, sai gindin maɓallan murhu. Ki ƙarasa da layin walda da gindin tukunya.

Kada ki yi gaggawa. Kumfar da soso ya bari tana nan yadda take, har ta riƙa mutuwa. Kumfar yoyo kuwa girma take yi, ta fashe, wata ta taso a wuri guda. In hujin ƙarami ne ƙwarai, za ki ga 'yan mitsi-mitsin kumfa suna taruwa kamar auduga bayan minti ɗaya ko biyu. Da kin gama ki rufe gas, ki goge ko'ina da tsumma don kada ƙarfe ya yi tsatsa.

In kanku mai agogo ne, akwai ƙarin gwaji. A rufe murhu, a buɗe gas har allura ta hau, sai a rufe shi a zuba wa allurar ido na 'yan mintuna. In ta tsaya cak, lafiya. In tana sauka, akwai inda iska ke fita, sai a bi da sabulu a gano wurin.

A yi wannan gwaji duk lokacin da aka dawo daga ɗuri, duk lokacin da aka sauya tiyo ko kai, da duk lokacin da aka ji wari ko aka ga gas yana ƙarewa da wuri ba a ƙara yawan girki ba. Masu janareto mai gas su riƙa yi akai-akai, domin girgizar inji tana sassauta maɗauri, kuma su nisanta tiyo da tukunya daga salansa.

Abin da ba a taɓa yi shi ne gwaji da ashana ko laita. Har yanzu akwai masu kai wuta bakin tukunya wai su ga ko za ta kama, kuma su ce sun saba yi ba abin da ya faru. Sabo turken wawa. Ranar da iskar ta riga ta taru a ƙasa, ba za a samu damar yin da-na-sani ba.

Abin da ake gyarawa da abin da ake jefarwa

In yoyon a bakin tiyo ne, a rufe gas, a yanke ɗan bakin da ya buɗe, a mayar a ɗaure da maɗaurin ƙarfe, a sake gwadawa. In tsagar a jikin tiyo take, ko ya yi tauri, ko ya yi laushi yana danƙo, a sauya shi duka. Ba a naɗe shi da salatif ko leda ko robar taya, ba a liƙe shi da gam. Kuma a sayi tiyon gas na ainihi mai kauri da zare a cikinsa. Tiyon ruwa ba ya jure gas. A ƙasashe da dama shawarar ita ce kada tiyo ya wuce shekara 5 ko da lafiyarsa ƙalau, a zafin ƙasarmu kuwa bai kamata a jira haka ba.

In zoben roba ne, a mayar da tukunya wurin masu ɗuri su sa sabo. Kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Kada a cusa leda ko tsumma a madadinsa. In kan gas ne ke yoyo, ba a buɗe shi a gyara, sabo ake saye. In maɓallin murhu ne, a daina amfani da murhun har mai gyara ya duba.

In kuwa kumfa ta taso daga wuyan tukunya ko jikinta, wannan ya wuce aikin gida. A fitar da ita a tsaye zuwa fili mai iska, nesa da murhun maƙwabta, nesa da kwata da bakin rijiya da ramin masai, a hana yara zuwa, a kira wanda ya ɗura ta. Kada a kai ta wurin mai walda ko da ta zama fanko, domin tukunyar da ake cewa ta ƙare ba ta rasa sauran iska a ciki. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sa wa tukunyar gas wa'adin shekara 15, tare da sake gwada lafiyarta duk shekara 5. Shekarar ƙira tana jikin mariƙinta ko gindinta. Masu sayen ta hannu, da iyayen da ke haɗa kayan amarya, su duba wannan kafin su duba kyan fenti, don sabon fenti yana rufe tsohuwar tsatsa.

Wasu ɗabi'u kuma ya kamata a bari: kwantar da tukunya ko kifa ta in ta kusa ƙarewa, sa ta a ruwan zafi ko kusa da wuta wai don ta ƙara ƙarfi, da ɗora babbar tukunyar biki a kan 'yar ƙaramar tukunyar gas, wanda ke mayar da zafi kan bawul ɗinta. Masu mota kuma su sani, gas ɗin mota da ake kira CNG daban yake da na girki. Matsinsa ya ninka na girki sau da yawa, tukunyar girki ko wadda aka haɗa a wurin walda ba za ta iya riƙe shi ba.

In kun shigo kun ji wari

A ce kun dawo daga unguwa da dare, kuka buɗe ƙofa wari ya dake ku. Hannu yakan tafi wurin makunnin fitila da kansa. Ku riƙe shi. Makunnin lantarki yana fitar da ɗan tartsatsi a ciki, ko kunnawa aka yi ko kashewa. Kada a taɓa fanka, kada a zare ko a soka wani abu a soket, kada a tayar da janareto, kada a yi waya a cikin ɗakin.

Ku fara da mutane. A tashi na kwance a ƙasa, a fitar da kowa. A rufe gas daga kan tukunya in ana iya kaiwa gare ta. A buɗe tagogi, amma ƙofofi sun fi muhimmanci, tunda ta ƙasa iskar za ta fita. A kashe garwashin da ke tsakar gida da ruwa, a gaya wa maƙwabta su dakata da hura wuta. In babban makunnin gidan yana waje inda wari bai kai ba, a kashe daga can, saboda ko babu wuta a lokacin, ana iya kawo ta firji ya tashi da kansa. Kada a koma ciki sai wari ya ɗauke sarai, kuma kada a sake kunna murhu sai an yi gwajin kumfa an gano inda matsalar take.

In wuta ta riga ta kama a tiyo ko a kai, kuma hannu zai iya kaiwa marufin ba tare da ƙuna ba, a rufa jiƙaƙƙen bargo ko tawul a rufe gas. Da iskar ta yanke wutar za ta mutu. In wuta ta kewaye tukunyar kuwa, kada a tsaya jarumtaka ko kwashe kaya. A fita, a yi nisa, a kori 'yan kallo, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112.

Wanda wuta ta kama tufafinsa kada ya yi gudu, gudu hura ta yake yi. Ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Uwargida, ki lura da hijabi da mayafi masu santsi a gaban murhu, suna saurin kamawa kuma suna narkewa a fata. Maganin farko na ƙuna ruwa ne mai tsafta, mai sanyi daidai, a yi ta kwararawa har minti 20. Ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ko manja ko baƙin mai ba. Waɗannan suna riƙe zafi, suna jawo ƙwayoyin cuta, suna kuma wahalar da ma'aikatan asibiti wajen wanke ciwon. A cire zobe da awarwaro tun kafin wurin ya kumbura, kada a ɓare tufafin da ya manne, kada a fasa bororo. A rufe da tsumma mai tsafta a tafi asibiti. Ƙunar fuska, hannu, gaba, ko wadda ta fi tafin hannun mai ita faɗi, da duk ƙunar ƙaramin yaro, ba ta zaman gida ba ce. Wanda muryarsa ta dishe ko gashin hancinsa ya babbake, zafi ya shiga maƙogwaronsa, yana iya toshewa cikin sa'o'i. A garzaya da shi babban asibitin Dambam, in abin ya yi tsanani za a tura shi asibitin tarayya da ke Azare.

Ɗabi'ar kullum

Abin da ya fi komai sauƙi shi ne abin da aka fi mantawa: in an gama girki a rufe gas daga kan tukunya, ba daga murhu kaɗai ba, musamman da dare da lokacin fita unguwa. In an yi haka, ko ɓera ya huda tiyo, abin da zai fita ɗan abin da ke cikin tiyon ne kawai. Wajen kunnawa kuma a fara ƙyasta ashana kafin a murɗa maɓalli. A lura da launin wuta: shuɗiya ita ce lafiyayya. In ta koma ja ko ruwan ɗorawa tana baƙanta tukunya, murhun yana son wanki ko gyara, kuma irin wannan wuta tana fitar da gubar hayaƙi marar wari mai sa ciwon kai da jiri, har ta kashe mutum a rufaffen ɗaki. Shi ya sa ba a ɗumama ɗaki da murhun gas a hunturu.

Masu ɗaki ɗaya, in da hali tukunya ta kwana a baranda ko wani wuri mai inuwa da iska, kada ta kwana a gefen katifa. Sannan a koya wa kowa a gidan, har 'yar aiki da almajirin da ke taya aike da yaran da suka fara wayo, su san warin gas, su san inda ake rufe shi, su san ba a taɓa makunni.

Mai karatu, kafin ka ajiye jaridar nan ka manta, ka sa a kaɗa ruwan sabulu yau ɗin nan a bi tukunyar gidanka da shi. Aikin minti biyar ne. Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.